Ƙasan Takalmin Masta Aldo

Injiniya Bashir ya ari takalmin da na gada a shagon maigidana na kwana uku, ya ɗauka ya kai wa mai yankan makulli a Birmingham, aka ɓamɓare masa ƙasa aka jefa a shara, aka liƙa masa baƙar roba irin ta takalmin masu gadi. Abin da ya yi mini ke nan. Na fara da shi ne don na ji ku yaran da ke hawa bangon motsa jikin nan na Small Heath a Birmingham kuna cewa wai Baba Awudu ya daina zuwa ranar Asabar saboda tsohon takalmi. E, saboda tsohon takalmi ne. Amma tunda kun ɗauka aikina gam ne da roba kawai, wanda duk mai waya zai koya cikin minti goma, to ku karanta. Karatuna bai wuce aji shida ba a Kumasi, don haka kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Ni shumeka ne tun daga gida. Da akwati nake yawo a zango ina buga shi da sanda, in ɗinke silifas, in goge takalmin ma'aikata. Da na zo Manchester, shekara talatin da 'yan kai ke nan, dakon kwali na samu a manyan sito na Cheetham Hill. Wata rana takalmin aikina ya buɗe baki. A bayan sitonmu akwai wani ɗan shago mai warin gam, da wani tsohon Bature ɗan Italiya a ciki, gajere, hannunsa kamar na maƙeri. Sunansa Aldo. Na shiga na ce ya ara mini basilla da zare. Ya miƙo. Na zauna a bakin ƙofa na ɗinke abina. Da na gama ya karɓa ya juya shi, ya daɗe yana kallon ƙasan, ɗinkin kuwa sau ɗaya ya duba.

"Ɗinkinka ba laifi," in ji shi. "Kana ɗaukar kaya a kafaɗar dama. Kuma ka taɓa karyewa a ƙafar hagu."

Ina ɗan shekara tara na faɗo daga kan mangwaro. Ban gaya wa kowa ba a ƙasar nan. Ranar Litinin na bar dako na koma wurinsa, kuma tun daga ranar Masta nake kiransa, yadda muke kiran mai koya sana'a a gida.

Wata huɗu bai bar ni na taɓa gam ba. Aikina cire tsohon sol, wato ƙasan takalmi, kuma kafin in cire sai na faɗa masa abin da na gani. Na tuna wani jan takalmin hawan dutse, siriri kamar safa, da wani malamin makaranta ya kawo. Na duba na ce, "Ya cinye, Masta." Ya fizge shi daga hannuna. "Jaki ma ya san ya cinye. A ina ya cinye?" Sai ya nuna mini ɗan rami a saman babban yatsa, ba a ƙasa ba. Ma'ana mutumin yana jan ƙafarsa a jikin dutse yana laluben wurin takawa, ba ya dubawa kafin ya ɗora. Sabon shiga ne, ko matsoraci. Irin wannan sai ka ƙara masa kauri a baki. Wanda ya ƙware kuwa gefen ciki kaɗai yake ci, tsaf kamar an yanka da reza, kuma roba mai laushi yake so, don yana jin dutse da yatsun ƙafarsa yadda kuke jin waya da na hannunku. Ka ba wannan robar wancan, ka cuce su duka biyu.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙa mai lanƙwasa, awartaki, guduma mai faɗin kai, basilla, kakin zuma na shafa wa zare, injin gurza, da abin matsi. Sai ƙafafun katako jere a kan kanta, kowace da girmanta da lanƙwasarta. Takalmin hawa ba shimfiɗe yake ba, a tanƙware yake kamar bakin aku. Idan ka matse shi a kan katakon da ba nasa ba zai fito kyakkyawa a ido, mai shi ya sa ya ji kamar ya ari ƙafar wani. Ga kuma zafi. Kana gasa tsohon sol don gam ya saki, ka ƙara daƙiƙa kaɗan fata ta ƙone. Wannan hanci ne ke gaya maka, ba agogo ba, kuma ban ga wayar da ke da hanci ba tukuna.

Yadda Masta ya shiga wannan aiki, ba zama ya yi ya ba ni labari ba. Guntu-guntu na tsinta cikin shekara goma sha ɗaya. A yaƙin duniya na biyu aka ɗauke shi soja yana saurayi, cikin sojojin dutse na ƙasarsu, masu hula da gashin tsuntsu. Yawancinsu 'ya'yan makiyaya ne da masu saran itace daga ƙauyukan kan tudu. Su ake turawa inda mota ba ta zuwa, da alfadarai, da igiya, da dogayen katakon nan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu a kan dusar ƙanƙara. Shi da yake ubansa baduku ne, sai aka damƙa masa takalman 'yan uwansa sojoji. Daga baya Ingilishi suka kama shi, suka kawo shi nan yana noman dankali a matsayin fursuna. Yaƙi ya ƙare, ya ga wata yarinya, ya zauna.

Ni abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa yaƙi da mutanen nan masu cikakken hankali da ke zuwa su rataye a jikin dutse ranar Lahadi? A Kumasi wanda ya yi haka sai a kira masa malam. Na tambaye shi. Ya ce kafin yaƙi hawan dutse wasan masu hali ne. Sai kowace ƙasa ta ga tana buƙatar soja a kan tudu, har Ingilishi da Amurkawa, aka kwashi 'ya'yan talakawa aka koya musu ƙulli da sulu. Igiyar rama tana shan ruwa ta daskare ta zama sanda, sai aka koma ta nailan. Takalmi mai ƙusa yana ƙara a kan dutse, abokin gaba ya ji ka tun daga nesa, kuma ƙarfen yana jawo sanyi har cikin ƙashi, sai roba mai haƙora ta fara cin kasuwa. Da aka gama, kayan suka cika shagunan gwanjon soja, ga arha. Ma'aikatan masaƙun Manchester suka saya, suka hau bas zuwa duwatsun bayan gari, kuma waɗanda suka dawo daga yaƙi da ransu su ne malamansu. "Wannan zoben ƙarfe da suke ratayawa a ƙugu suna taƙama," in ji shi, "mu bindiga muke jawowa sama da shi." Don haka idan kun ɗaura igiya kuna ihu kuna ɗaukar hoto, ku san inda ta fito.

A can saman kantar ƙafafun katako akwai wani takalmin but na soja, ƙafa biyu, fatarsa ta yi baƙi ƙirin don tsufa, nauyi kamar bulo. Ƙasansa fata ce hawa uku, an jera masa ƙusoshi kewaye da baki da kuma tsakiya. Ba na Masta ba ne. Shi ƙafarsa ƙarama ce, wannan kuwa na ƙato ne. Na tambaye shi na wane ne, ya ce, "Kana da ido." Bayan shekara biyu na sake tambaya, ya ce, "Idon ya tsiyaye ne?" Ban ƙara ba. Amma duk lokacin da aiki ya yi sauƙi nakan sauko da shi in juya.

Shekarar da Masta ya rasu, 'yarsa ta bar mini shagon da duk abin da ke ciki, har but ɗin. Na tambaye ta, ta ce ita ma tun tana yarinya take ganinsa, ba ta san na wane ne ba. Wannan shekarar ce kuma shekarar gam, kuma ba na yi wa maƙiyina fatan irinta.

Wata nas ce ta fara dawowa, hannunta rataye a wuya. Ta ajiye takalmi a kan kanta, sol ɗin yana lilo kamar harshen kare. Tana tsakiyar dutse ya saki, igiya ce ta tare ta, kafaɗa ta goce. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Tsohon bai taɓa yi mini haka ba." Kafin wata ya ƙare takalma sun cika kwando. Magana ta zagaya cikin masu hawa cewa tsoho ya mutu, baƙin mutumin da ya bari bai iya ba. Ni kaina na fara yarda. Na koma dakon kwali da safe don a ci abinci a gida, da rana in zo in zauna ina kallon gwangwanin gam. Gwangwani ɗaya, launi ɗaya, amma warin bai kai na da ba. Ashe masu yin sa sun canza haɗi ba su gaya wa kowa ba. A cikin shago yana kamawa ƙam, sai ya ji sanyi da ruwa ya saki. Na bi duk wanda na yi wa aiki a watannin nan, ɗaya bayan ɗaya, na ce kada ya hau, ya kawo. Wasu sun kawo, wasu sun kashe waya a kunnena. Na riƙa liƙa guntayen roba ina jiƙa su a bokiti, in sa a firjin gida, in ciro in ja da awartaki, har na gane sabon gam yana son shafi biyu, da jira mai tsawo, da ɗan zafi kafin matsi. Matata ta ce ta gaji da ganin takalmi kusa da kaza. Har yau duk sabon gwangwani sai ya shiga firjin nan kafin ya taɓa takalmin mutum. Shekara uku kafin mutane su dawo. Nas ɗin ba ta dawo ba.

But ɗin nan kuwa, masu kawo aiki ne suka taya ni karanta shi, kowa da ɗan abin da ya sani. Wata tsohuwa mai shekara tamanin da har lokacin take hawa ta sa yatsa a wani kwari da aka yanka kewaye da dunduniya, ta ce nan wayar katakon sulu ke shiga. To, mai shi sojan sulu ne. Ni da kaina na lura ƙusoshin bakin ƙafar hagu ba su ci ba ko kaɗan, alhali na bayansu sun siɗe. Na cusa hannu ciki na ji an toshe bakin da tsumma mai tauri. Wani likitan ƙashi ya duba ya ce mutumin ba shi da yatsun hagu, sanyi ya cinye su aka yanke. Sai wani dattijo daga Wales ya ga ƙusoshin gefe, masu lanƙwasa su rungumi baki, ya ce, "Waɗannan namu ne, a nan ƙasar aka ƙera su." Na sa tabarau na duba yadda aka buga su, bibbiyu, a ɗan karkace. Hannun Masta ne, na san shi kamar yadda na san nawa.

Ku haɗa da kanku. Wani ƙaton soja ya rasa yatsu a kan tudu, bai mutu ba, ya zo har Ingila, Masta ya sake masa ƙusa a nan, ya ci gaba da hawa da rabin ƙafa har ƙusoshin suka siɗe. Wane ne? Ina ya tafi ya bar takalminsa? Me ya sa Masta ya ɗora shi inda zai gan shi kullum amma ya ƙi faɗin sunansa?

Abu ɗaya ya rage. A tsakiyar ƙasan, inda ba ya taɓa ƙasa, an buga lamba a jikin fatar, irin wadda soja ke buga wa kayan kowane mutum. Datti da tsufa sun cike ta, alƙaluma biyu kaɗai nake iya gani. Bara wata ɗaliba daga Withington, mai karatun tarihi a uni, ta kawo takalminta ta ga but ɗin. Ta ce akwai yadda ake haska fitila daga gefe a ɗauki hoto lambar ta fito, kuma akwai inda ake ajiye sunayen sojoji a Italiya, za ta rubuta musu. Muka sa rana bayan ƙaramar Sallah. Ban taɓa ɗaukar hoton ƙasan ba. Wannan laifina ne, na karɓa. Abin da ke gabanka shekara talatin ba ka tunanin yi masa hoto.

Injiniya Bashir mutumin Kano ne, kowa na yabonsa, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Shi ya bi council, hukumar gari, har suka ba da tsohon sito, shi ya tara mutane aka gina muku bangon hawa don ku bar zaman banza a bakin shagon kaza. Da ya ji akwai Bahaushe mai gyaran takalmin hawa a Manchester, har shago ya zo. Ni kuma na riƙa hawa jirgin ƙasa duk Asabar ina gyara takalman da ake ara muku, ban karɓi komai ba. Bakina ne ya ja mini, na ba shi labarin but ɗin. Da bikin buɗewa ya matso ya ce, "Malam Awudu, don Allah ka ara mana shi kwana uku, mu sa a gilashi yara su ga tarihi." Na naɗe shi a tawul na ba shi hannu da hannu. Na ce kada a goge, kada a shafa mai. Ya ce, "Haba Malam, kamar idona."

Ranar bikin ban je ba, ina da aiki. Asabar ta gaba na je karɓa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ya tarbe ni da fara'a ya kai ni ofishinsa, ya fito da sabon kwali, har da farar takarda a ciki. Ya buɗe yana kallon fuskata kamar mai ba da kyautar Sallah.

Yana ƙyalli. An shafe shi da baƙin mai, an sa sabuwar igiya. Na juya shi. Roba, shimfiɗe, da gam yana leƙowa ta gefe.

"Ina ƙasan?" na ce.

"Ai ka ga yadda ya fito! Malam, ƙusoshin duk sun yi tsatsa, wasu ma sun fita. Kwamiti suka ce health and safety, yara za su taɓa. Ga manyan baƙi, ga liman, ga matar council. Ya za mu ɗora musu takalmi mai datti a kan tebur?"

"Ina ƙasan, Injiniya?"

"Kuma ka san mu, ba ma arar abu mu mayar da shi yadda muka karɓa. Haka aka tarbiyyantar da mu. Na ce bari in yi wa Malam Awudu bazata, kullum shi ke yi wa mutane gyara, yau a yi masa."

"Wa ya yi?"

"Wani yaro a bakin kasuwa, mai yankan makulli. Awa ɗaya ya gama, wallahi yana da sauri."

Na bar shi a tsaye na hau bas na je wurin. Mutumin ya tuna. Ya ce sai da ya karya wuƙa biyu kafin ya raba fatar, bai taɓa ganin ɗinki mai taurin kai irin wannan ba. Na ce ina guntayen. Ya nuna mini kwandon bayan shago, ya ce ranar Talata motar shara ke zuwa. Na buɗe duk da haka. Kwalin madara ne da ƙurar makulli.

Na koma. Injiniya yana bakin bango yana riƙe wa wani igiya. Na jira ya sauke shi, don ni ba na wasa da mutum yana sama. Sannan ya matso, kwalin a hannunsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, na ga ranka ya ɓaci. Ka yi haƙuri, niyyata alheri ce. Na duba a intanet, akwai irinsa sak, da ƙusoshinsa da komai. Gobe zan sa a kawo maka."

Ya miƙo mini kwalin. Na sa hannuwana a aljihu.

"Injiniya," na ce, "na san niyyarka alheri ce, shi ya sa ban ɗaga murya ba. Da ɓarawo ne ya sace shi, da yanzu yana wani wuri da lambarsa. Kai ka fi ɓarawo ɓarna, don kai ka ji kunyar dattin mutumin da ya hau dutse da rabin ƙafa. Na intanet ɗin ka saya wa kanka. Wannan kuma ba zan karɓa ba, ba shi na ba ka ba. Ka mayar da shi cikin gilashinka, ya dace da wurin, yana ƙyalli. Yaran nan za su tambaye ka na wane ne, don yara suna tambaya. Kada ka ƙirƙira musu suna. Ka ce musu ba ka sani ba, Awudu ma bai sani ba, saura sati biyu a sani, sai ka kai shi gyara."